Fassarar Manhajar Kwamfuta da Daidaita ta da Harsuna da Al'adu

1.0 Gabatarwa

Masana harshe da adabi sun daɗe suna tattauna matsalolin fassara, amma galibin abin da aka rubuta ya ta'allaƙa ne ga fassarar littattafai da labaran rediyo da takardun hukuma. A yau kuwa an sami wani fage wanda ya cancanci kulawa ta musamman, watau fassarar manhajar kwamfuta da ta wayar hannu. Abin da ake nufi da manhaja a nan shi ne jerin umurnin da aka rubuta wa na'ura domin ta gudanar da wani aiki, tare da dukkan rubutu da hotunan da take nuna wa mai amfani da ita. Malaman makaranta sun san wannan kalma da ma'anarta ta farko, ta tsarin abin da za a koyar, daga baya ne aka faɗaɗa ta har ta ɗauki wannan sabuwar ma'ana.

Muhimmancin al'amarin a fili yake. Ta hanyar manhaja ne mutane da yawa suke aika kuɗi, suke yi wa 'ya'yansu rajistar jarrabawa, suke kuma karɓar saƙon asibiti. Idan aka yi kuskuren fassara a cikin littafi, mai karatu yana iya tsallakewa ya ci gaba. Idan kuwa kuskuren a kan maɓalli yake, to mutum yana iya goge abin da ya yi niyyar adanawa, ko ya amince da sharaɗin da bai fahimta ba.

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa juya kalmomi daga wani harshe zuwa wani shi ne mataki na ƙarshe a wannan aiki, kuma nasararsa ta dogara ga wasu matakai da suka gabace shi. Za a dubi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, da misalai daga harsunan duniya, sa'an nan a nuna inda kowanne ya shafi Hausa.

2.0 Kashe-Kashen Aikin

Masu wannan sana'a sun raba aikin gida biyu. Kashi na farko, wanda za mu kira share fage, aikin maginin manhaja ne. Shi ne zai tsame dukkan jimlolin da na'ura za ta nuna daga cikin umurninta, ya tara su a fayil na dabam, ya kuma guji ƙayyade yadda za a rubuta kwanan wata ko kuɗi ko suna. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin yin haka ita ce gettext, wadda masu aikin GNU suka fitar a 1995. Kashi na biyu, wanda za mu kira daidaitawa, shi ne a ɗauki wannan fayil a fassara shi, a kuma gyara sauran abubuwa yadda za su dace da wata ƙasa ko wata al'umma.

Dangantakar kasusuwan biyu kamar ta magini da mai shafe ce. Idan magini ya ɗora ɗaki babu taga, gwanintar mai shafe ba za ta shigo da iska ba. Yawancin aibin da ake ɗora wa mafassara, idan aka bincika, a wajen share fage aka haife shi.

3.0 Matsalar Haruffa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Saboda haka dole a yi yarjejeniya a kan lambar da za ta wakilci kowane harafi. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 kurum yake da su, kuma an cika su da haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu. A 1987 aka fitar da ISO 8859-1 mai gurabe 256, wanda ya biya bukatar yawancin harsunan Yammacin Turai. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya tanadi gurbi domin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk da cewa tun cikin shekarun 1930 aka fara buga Hausa da haruffa masu lanƙwasa.

An sami mafita da zuwan Unicode a 1991, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane rubutu a duniya ya sami lambarsa shi kaɗai. Zubinsa na 16, na shekarar 2024, ya ƙunshi haruffa da alamomi sama da 150,000, kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa suna ciki tun daga zubin farko-farko. To amma samun lamba bai kashe magana ba, domin akwai sauran matsaloli huɗu.

Ta farko ita ce shigarwa da nunawa. Allon madannai na Ingilishi ba shi da waɗannan haruffa, kuma idan samfurin haruffan da manhaja take aiki da shi bai ƙunshe su ba, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a madadinsu. Har ila yau akwai dalili na kuɗi. Gajeren saƙon waya na tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2001, yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi ɗaya da ba ya cikin jerin GSM, kamar ƙ, sai adadin ya faɗo zuwa 70. Ke nan mai rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku inda mai sakaci zai biya na ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da jama'a suka saba da watsi da lanƙwasa, alhali kuwa ita ce take bambanta kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da baki da baƙi, da bari da ɓari.

Ta biyu ita ce jerantawa. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuwa 599. Idan manhaja ta jera kalmomi bisa lamba tsagwaronta, sai ƙofa da ɓera da ɗaki su koma bayan zomo, kuma ƙofa ta riga ɓera. Dole ne a koya mata cewa ɓ bayan b take, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Jamusawa da mutanen Suwidin suna da irin wannan damuwa, domin harafi ɗaya mai ɗigo biyu a ka, Jamusawa suna jera shi tare da a, su kuwa 'yan Suwidin suna kai shi ƙarshen abjadi.

Ta uku ita ce alamar hamza. Akwai manhajojin da suke ɗaukar wannan alama a matsayin alamar rubutu kawai, saboda haka sai su ƙi karɓar suna irin Sa'adatu ko Isma'ila, ko su yanke shi biyu. Wannan ya shafi harafin da Nijeriya take rubutawa 'y, Nijar kuma take rubutawa ƴ. Wanda ya nemi kalmar 'yanci ba zai sami takardar da aka rubuta ƴanci ba, sai an sanar da manhajar cewa abu ɗaya ne. Turkawa ma sun sha irin wannan wahala, domin abjadinsu na 1928 yana da i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kowanne da babbansa, kuma manhajar da take mayar da ƙaramin harafi babba bisa ƙa'idar Ingilishi takan ɓata musu kalmomi.

Ta huɗu ita ce alƙiblar rubutu. Larabci da Ibrananci daga dama suke farawa, saboda haka fuskar manhajar gaba ɗaya ake juyawa, amma alƙaluman da suke cikin jimla suna nan daga hagu zuwa dama. Daga dama ma ake fara rubutun N'Ko, wanda Solomana Kante ya ƙirƙira a 1949 aka kuma shigar da shi Unicode a 2006, da na Adlam na Fulfulde wanda aka shigar a 2016. Ajamin Hausa ya bi salon Warshu, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma take da ɗigo ɗaya a sama. A 2016 aka ƙara wasu haruffa na wannan salo cikin Unicode, sa'an nan a 2020 aka ƙara wasu haruffan Larabci da ake rubuta Hausa da Wolof da su.

4.0 Matsalar Ginin Jimla

Mai fassara littafi yana ganin jimla cikakkiya da abin da ya gabace ta. Mai fassara manhaja kuwa sau da yawa guntaye ake miƙa masa, waɗanda na'ura za ta harhaɗa daga baya. A nan ne nahawun harshen magini yake ɓuya a cikin gininsa ba tare da ya sani ba.

Mu ɗauki adadi. A Ingilishi lamba tana zuwa kafin suna, sai magini ya umurci na'ura ta rubuta lamba, sa'an nan ta liƙa kalma a bayanta. Sakamakon haka a Hausa shi ne a ga "3 saƙonni" maimakon "saƙonni 3", kuma mafassari ba shi da ikon gyarawa. Game da jam'i kuma, Ingilishi siga biyu yake da ita, tilo da jam'i. Sinanci da Japananci ba sa sauya suna saboda adadi. Larabci kuwa, a taskar bayanan harsuna ta CLDR wadda hukumar Unicode take kula da ita tun 2004, siga shida aka ware masa: ta sifiri, da ta ɗaya, da ta biyu, da ta 3 zuwa 10, da ta 11 zuwa 99, da ta sauran adadi. Manhajar da ta tanadi gurbi biyu kacal ba za ta taɓa yin Larabci ingantacce ba.

Matsalar da ta fi damun Hausa ita ce jinsi. Magini yakan ajiye kalma guda mai ma'anar sabunta, ya riƙa liƙa ta ga kowane suna. A Hausa kuwa sabon saƙo ake cewa, da sabuwar wasiƙa, da sababbin hotuna. Haka ma mahaɗi: hoton Audu, amma wasiƙar Audu. Idan manhajar sada zumunta za ta ba da labari, dole ta san ko "ya canza hotonsa" za ta ce ko "ta canza hotonta", domin jinsi yana bayyana har sau biyu a wannan 'yar jimla.

Bugu da ƙari, da wane wakilin suna na'ura za ta yi wa mutum magana? Ingilishi guda ɗaya yake da shi ga namiji da mace da jama'a. Faransanci da Jamusanci sai sun zaɓa tsakanin sigar girmamawa da ta sabo. Hausa tana da ka da ki da ku. Idan aka ce "Shigar da sunanka", an fitar da mata. Idan aka rubuta "sunanka/ki" a kowane layi, rubutun ya yi nauyi. Hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi: ko a yi amfani da ku, wanda da ma yana ɗauke da girmamawa, ko a kauce wa wakilin suna, a ce "A shigar da suna" ko "A goge wannan fayil?" Kowacce aka ɗauka, wajibi ne a tsaya a kanta daga farkon manhaja har ƙarshenta.

5.0 Lissafi da Lokaci da Suna

Akwai abubuwan da ba kalmomi ba ne, amma su ma sai an fassara su. Idan aka rubuta 3/4/2020, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Adadin da Ingila take rubutawa 1,000.50 shi ne Jamus take rubutawa 1.000,50, Faransa kuma 1 000,50. A Indiya dubu ɗari 1,00,000 ake rubuta shi. Tun da Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, Nijar kuma na Faransa, manhajar Hausa guda tana bukatar tsari biyu. Lissafin kuɗi da baki ma haka yake. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala tana daidai da sefa 5, saboda haka dala ashirin sefa 100 ke nan. Jaka ɗaya a can sefa 1,000 ce, a Nijeriya kuwa naira 200. Manhajar aika kuɗi da take karanta adadi da murya, idan ba ta lura da wannan ba, hasara za ta jawo.

Kalanda ita ma ba ɗaya ba ce. Shekarar Habasha wata 13 gare ta. Masu magana da Swahili suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe shi ne sa'arsu ta ɗaya. A Japan ana ƙirga shekaru da zamanin sarki, shi ya sa da aka sanar da sunan zamanin Reiwa ranar 1 ga Afrilu 2019, wata ɗaya kacal masu manhaja suka samu su gyara kayansu kafin ya fara aiki ranar 1 ga Mayu. Ranakun hutu ma suna sauyawa: Saudiyya ta koma hutun Jumma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi a 2022. Dangane da shekarar Hijira mai kwana 354 ko 355, na'ura lissafi take yi, alhali a Nijeriya ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi ake bi, don haka ana iya samun bambancin kwana guda.

Game da suna, fom ɗin Turawa gurbi biyu yake da shi, na sunan yanka da na sunan dangi. Sinawa da Japanawa suna fara ambaton na dangi. Shugabannin Indunusiya biyu na farko, Sukarno da Suharto, suna ɗaya-ɗaya gare su. Bahaushe kuwa yakan bi sunansa da na mahaifi, ko na gari, kamar yadda muka gani ga Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Idan fom ya tilasta masa sunan dangi, yau ya sa na mahaifi, gobe na gari, sai takardunsa su saɓa wa juna.

6.0 Hotuna da Alamomi

Ana zaton hoto ba ya bukatar tafinta, amma ba haka abin yake ba. Tafin hannu a buɗe da yatsu biyar, wanda magini zai sa da nufin a dakata, ga Bahaushe ya yi kama da daƙuwa, kuma a Girka ma zagi ne. Mujiya alamar hikima ce a Turai, a ƙasar Hausa kuwa ba tsuntsuwar da ake marhabin da ita ba ce. A kasuwar hannun jari ta Amurka jan launi faɗuwa yake nufi, a ta Sin kuwa hauhawa. Taswira ta fi duka haɗari. Windows 95 ta fito da taswirar zaɓen lokaci mai nuna iyakokin ƙasashe, sai hukumomin Indiya suka ƙi amincewa da yadda aka nuna yankin Kashmir, ala tilas kamfanin Microsoft ya daina haskaka iyakoki a taswirar.

7.0 Ƙirƙirar Kalmomi: Darasi Daga Aisilan

Bayan an share duk wannan fage ne ake zuwa ga kalmomi. Misalin tsibirin Aisilan, da yake arewacin Turai, yana da amfani a nan. Mutanen wannan ƙasa sun fi son ƙirƙira daga tushen harshensu bisa ga aro. A 1965 masani Sigurdur Nordal ya ƙera wa kwamfuta suna tölva, daga kalmarsu ta lamba da kalmarsu ta mace mai duba, kuma sunan ya zauna. A 1998, lokacin da yawansu bai kai 300,000 ba, gwamnatinsu ta matsa wa Microsoft lamba a kan fassara Windows, bisa hujjar cewa yaran da suke tashi da kwamfuta mai Ingilishi za su ɗauka harshensu na hira ne kawai. An ƙulla yarjejeniya a 1999, fassarar Windows 98 ta fito a 2000. Sai dai ba ta karɓu sosai ba, saboda matsalolin da aka samu wajen aiki da ita, ga shi kuma sababbin zubi sun riga sun shigo kasuwa.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, yawan jama'a ba shi ne yake sa a fassara manhaja ba, tsayuwar hukuma da shirin masana ne. Na biyu, fassarar manhaja ba ta ƙarewa, domin kowane sabon zubi da sababbin jimlolinsa yake zuwa.

Hausa ba a bar ta a baya ƙwarai ba. An yi wa Windows 7 fassarar Hausa, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamba 2013, Facebook kuma ya fito da Hausa a 2016. An kuma sami kalmomin da suka zauna daram, irin su kalmar sirri da kwandon shara da saukewa da turawa, domin sun fito ne daga abin da jama'a suka sani. Inda gizo yake saƙa shi ne rashin daidaito. Wannan manhaja ta ce ajiye, waccan ta ce adana. A nan a ce soke, a can a ce fasa. Mai koyo da ya saba da ɗaya sai ya rikice a ɗayar, daga nan ya mayar da wayarsa Ingilishi, wanda ko bai iya ba ya haddace wuraren maɓallansa.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, a sami jerin keɓaɓɓun kalmomin kwamfuta guda wanda masana daga Nijeriya da Nijar za su amince da shi, a kuma sake duba shi lokaci-lokaci. Akwai abin koyi a taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa na Yamai na 1980, da kuma ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad. Na biyu, sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su shigar da fassarar manhaja cikin darasin fassara, tare da haɗin gwiwar sassan kimiyyar kwamfuta, a kuma koya wa kowane ɗalibi yadda zai buga haruffa masu lanƙwasa a waya da kwamfuta. Na uku, masana su riƙa duba bayanan Hausa da suke cikin taskar CLDR, domin daga can manyan kamfanoni suke ɗibar sunayen watanni da ranaku da ƙa'idar jeranta haruffa, kuma kuskure ɗaya a can yakan bazu cikin wayoyi masu ɗimbin yawa. Na huɗu, kada a saki fassara sai an gwada ta ga waɗanda ba su ji Ingilishi ba, maza da mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa fassarar manhaja tana farawa ne daga lambar harafi, ta bi ta ginin jimla da tsarin lissafi da ma'anar hotuna, kafin ta iso ga zaɓen kalma. An ga cewa kowane harshe da irin tasa matsala, kuma Hausa tana da nata guda uku da suka fi fitowa fili: haruffa masu lanƙwasa, da jinsi, da bambancin tsarin Nijeriya da na Nijar. Rubutun da yaro yake gani a fuskar waya kullum yana iya fin wanda yake gani a littafi yawa. Idan wannan rubutu ya zo masa babu lanƙwasa, da jimloli masu ƙirar Ingilishi, to shi zai ɗauka a matsayin daidaitacciyar Hausa. Saboda haka wajibi ne masana Hausa su shiga aikin tun daga matakin share fage, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.